Man Kifi Don Tsamin Jiki Bayan Motsa Jiki: Wanne Za Ka Saya?

Tsamin da ke kama cinya da ƙirji bayan ɗaga ƙarfe ko doguwar tsere yakan kai ƙololuwa tsakanin awa 24 zuwa 72, lokacin da ƙananan yagewar tsoka suka jawo kumburi. Abin da ke aiki a man kifi sinadarai biyu ne na kitsen da ake kira omega 3, wato EPA da DHA. Suna shiga fatar ƙwayoyin halitta su rage sinadaran da ke rura kumburi, amma sai an yi makonni ana sha kullum, kuma sauƙin da ake samu matsakaici ne. Mai sayarwar da ya ce maka kafso ɗaya zai kashe tsamin gobe, kuɗinka yake so.

Zaɓina shi ne tataccen man ƙananan kifaye, irin su sadin da ancobi, wanda aka rubuta triglyceride ko rTG a jikin kwalbarsa. Wannan shi ne siffar da man yake da ita a jikin kifi, kuma hanji na tsotse shi cikin sauƙi. Mai ethyl ester ya fi araha, sai dai in ba da abinci mai maiƙo ka sha shi ba, kaɗan jiki zai ɗauka. Ƙananan kifaye ba sa daɗewa a teku balle su tara ƙazanta kamar manya. Sannan tataccen yana rage maka yawan haɗiya: kafso na gama-gari mai miligiram 1000 yakan ƙunshi EPA 180 da DHA 120 kacal, mai kyau kuwa yana ninka wannan ko fiye.

Man kiril, wasu ƙananan halittun teku masu kama da jatan lande, tsada ce da ɗan abin ciki. Man hantar kifi na ɗauke da bitamin A, wanda yawansa ke cutarwa. Na irin tsiron flaxseed ALA ne, wato omega 3 na tsirrai, ɗan mitsitsi jiki ke juyawa zuwa EPA. Na gansakukan ruwa dai yana yi wa wanda ba ya cin kifi.

Inda nake da zafi shi ne ha'inci. An taɓa sayar min da kwalba mai ƙamshin lemun tsami, ina sha ina gyatsar ƙarni har yamma. Da na huda kafso ɗaya da allura, man ya yi duhu, yana da ɗaci da warin tsohon fenti. Ƙamshin an sa ne don rufe lalacewa. Don haka huda ɗaya ka shinshina kafin ka fara. Juya kwalbar ka karanta bayanta: adadin da aka buga da manyan haruffa a gaba sau da yawa na kafso biyu ko uku ne. Guji mai "omega 3-6-9", an cakuɗa shi da man tsirrai. Nemi shaidar gwaji daga waje kamar IFOS, shirin da ke gwada ingancin man kifi, kuma lambar TOTOX, ma'aunin lalacewar mai, kada ta wuce 26, iyakar da GOED, ƙungiyar masu harkar omega 3, ta sa. Tambari ma ana buga na jabu, sai ka binciki lambar rukunin kayan a shafin masu gwajin. Kwalba mai haske da ta sha rana, ko kafso da suka manne da juna, bar musu kayansu.

Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai, EFSA, ta ce har giram 5 na EPA da DHA a rana ba matsala ga baligi, amma mai shan maganin tsinka jini kamar warfarin, ko mai matsalar bugun zuciya, ya fara ganin likita.