Anki: manhajar da ke hana abin da na karanta zubewa

An sha gaya wa mai son gyara rubutunsa cewa ya yawaita karatu. Gaskiya ne, sai dai yawancin abin da mutum ya karanta yakan bi iska kafin mako ya zagayo. Wannan damuwar ce ta haɗa ni da Anki, kuma na daɗe tare da ita har ina jin zan iya ba da shaida a kanta.

Aikinta katunan bita ne. Ka rubuta tambaya a gaban kati, amsa a bayansa. Idan katin ya fito, sai ka matsa wa ƙwaƙwalwarka ta kawo amsar kafin ka buɗe, sannan ka danna ɗaya daga maɓallai huɗu: ka manta, ka sha wuya, ka tuna daidai, ko ya zo maka da sauƙi. Da wannan take yanke ranar da za ta sake nuna maka shi. Wanda ya zauna maka sai ya yi nisa, makonni har watanni; wanda ya kuɓuce ya dawo cikin 'yan mintuna.

Damien Elmes ne ya fitar da ita a 2006, ya ɗora lissafinta na ranar dawo da kati a kan wani tsari mai suna SM-2 na Piotr Woźniak, ɗan ƙasar Poland. Amma tunanin ya girme su duka: tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko, daga baya ta lafa. Anki na ƙoƙarin tare ka ne daidai lokacin da abu ke shirin suɓucewa. A 2023 an ƙara mata sabon lissafi mai suna FSRS, wanda ke duba tarihin amsoshinka. Da na kunna shi, bitar yau da kullum ta yi mini sauƙi sosai.

Ɗaliban likitanci da masu koyon harsuna ne suka fi saninta, ni kuwa don rubutu nake riƙe da ita. Idan na ci karo da jimlar da ta burge ni, nakan kwafe ta cikin katin cike gurbi, in ɓoye kalmar da ke ɗauke da nauyinta, galibi aikatau ko mahaɗi. Ranar da katin ya dawo, dole in tambayi kaina: me ya kamata ya zauna a nan? Wani lokaci tawa kalmar ta yi daidai da ta marubucin, wani lokaci ta bambanta, kuma a wannan bambancin nake ganin dalilin da ya sa jimlarsa ta tsaya da ƙafarta. Wallahi wannan ya fi mini haddace jerin kalmomi amfani nesa ba kusa ba. Haka nake yi da ƙa'idojin rubutu, irin raba "shi ne" da haɗe "yakan", da duk gyaran da wani mai karatu ya yi wa aikina. Gyaran da ya shiga kati ba kasafai ake sake yi mini shi ba.

A intanet akwai tarin katunan da wasu suka haɗa, amma ban ba marubuci shawarar ya dogara da su ba. Rabin koyon yana cikin zama ka tsara tambayar da kanka. Sannan ka kula da adadi: manhajar na zuwa da saitin sababbin katuna 20 a rana, kuma duk ranar da ka tsallake, bitar na taruwa ta jira ka kamar bashi. Biyar a rana sun ishi mai wasu hidimomin.

Ba za ta koya maka gina hujja ko jera sakin layi ba. Wannan sai ka zauna ka rubuta, a karanta, a gyara maka. Fuskarta ma ba ta da ado, za ka ɗan ɗauki lokaci kafin ka saba da saitunanta.

Kyauta ce a kwamfuta da wayar Android, ta iPhone ce kaɗai ake saye, kuma tana aiki ko babu data. Wajen saukewa ka duba suna da kyau, domin akwai masu kama da ita: AnkiDroid ce ta Android, AnkiMobile ta iPhone.