Wata shida da Fractal Terra: ƙaramin gidan kwamfuta mai sa mutum lissafin milimita

Toh jama'a, na daɗe ina cewa zan yi bayani akan wannan ɗan akwatin, kullum sai nace gobe, yau dai Allah ya nufa. Wata shida kenan da na kwashe kayan kwamfutata daga tsohon gidanta, wani zabgegen akwati da idan zaka ɗaga shi sai ka yi bisimilla ka gyara tsayuwa, na mayar da su cikin Fractal Design Terra, kuma gaskiya abin da na koya a wata shidan nan ya fi abin da na koya a shekarun da na yi ina haɗa manyan.

Ga wanda bai san shi ba, na kamfanin ƴan Suwidin ne, sun fito da shi a 2023. Girmansa lita 10.4, tsawonsa milimita 343, faɗi 153, tsayi 218, wato dai kamar kwalin takalmi da aka tsayar ta gefe. Jikinsa alminiyon ne, gabansa ma kaurin milimita 8, sannan akwai wani ɗan sirin katako a ƙasan gaban inda maɓallin kunnawa yake da ramin USB guda biyu, ɗaya irin na da ɗaya Type-C. Kala uku ne, baƙi-baƙi da ruwan azurfa da kore, ni koren na ɗauka kuma ban yi nadama ba, duk wanda ya shigo ya ganshi akan tebur sai ya tambaya wai sifika ce. Madabod, wato babban farantin da ake soka duk sauran kayan kwamfuta a jikinsa, wanda yake ɗauka Mini-ITX ne kaɗai, wancan ɗan murabba'in mai santimita 17 ta kowane gefe da kamfanin VIA ya ƙirƙiro tun 2001, ramin katin girafik (mai sarrafa hoto) ɗaya, ramin ram (ma'adanar wucin gadi) biyu, shikenan. Fawa kuma, wato akwatin da ke ba kayan wuta, sai ƙanana irin SFX ko SFX-L, babban nan na ATX da ka saba dashi ko ƙofa bazai shiga ba.

Abin da yasa gidan ya fita daban shine ƙashin bayan da ke tsakiyarsa. Wani faranti ne a tsaye ya raba cikin gida biyu, madabod da fawa a gefe ɗaya, katin girafik a ɗaya gefen, sun juya wa juna baya, wata lafiyayyar waya mai faɗi da ake cewa raiza ita ke haɗa su, tana zuwa a cikin kwalin. Shi wannan farantin yana matsawa, zaka kwance noti ka tura shi hagu ko dama, matakai bakwai ne, kowane mataki kusan milimita 5. Ka tura shi ƙarshe ɗaya, kular firosesa, wato abin da ke sanyaya ta, ta samu tsayin milimita 77 amma katin girafik bazai wuce kaurin 43 ba. Ka tura shi ɗaya ƙarshen, kati ya samu 72, kula ta koma 48. Kaga kenan kamar bargo ne gajere mutum biyu suna ja, duk abin da ka ƙara wa wannan daga jikin wancan ka yanko shi, kuma duk rigimar haɗa kwamfuta a gidan nan a wannan milimita talatin ɗin take.

Ni kuma da yake ido ba mudu ba amma ya san kima, sai na ƙi yarda da idon, na bi takarda. Firosesata Ryzen 5 7600 ce, mai kwakwalwa 6, wat 65, ba wata mai zafin kai ba ce, katina kuma RTX 4070 mai fanka biyu, kaurin rami biyu, wat 200. Sai haɗama ta kama ni nace ai gara in sa babbar kula, na samo Noctua NH-L12S mai tsayin milimita 70, na tura farantin har ƙarshe, na lissafa a takarda komai ya shiga, na ji daɗi. Kuma ya shiga ɗin fa, murfi ya rufe lafiya lau. Matsalar sai da na kunna wasa fankokin kati suka tashi, sai naji wani sauti fiiii kamar mutum yana hura bakin kwalba, in na ɗaga murfin gefen sai ya ɗauke ɗif, in na mayar ya dawo. Na kwana biyu ina zargin fankar kati ce ta samu matsala, ashe ni ne na manna ta da murfi, tsakaninsu bai kai kaurin kwali biyu ba. Duk fankar da ka kai bakinta jikin ƙarfe mai tsaga-tsaga haka zata yi, fukafukan suna yankan iskar da ke shigowa ta tsagogin, ba ruwansa da wane kamfani ya ƙera ta. Lambar da aka rubuta a takarda iyakar abin da zai shiga ce kawai, ba ita ce inda zaka zauna lafiya ba, wannan ni ban tsaya na yi tunaninsa ba.

Ga kuma wani shirmen da na tafka duk a ranar, ram ɗina irin mai doguwar hula ne da fitilu, ita kuwa kular nan idan fankarta tana ƙasa ram ɗin da bai wuce milimita 35 ba take bari ya zauna a ƙarƙashinta, a rubuce yake ɓaro-ɓaro a shafinsu ni ne ban karanta ba. Haka na zauna da sukudireba a hannu ina kallon kaya kamar wanda aka aiko ya manta saƙo, sai da na aro gajeren ram a wajen wani abokina kafin na iya kunnawa.

Daga baya na haƙura na sauka daga dokin girman kai, na sa ƙaramar kula Thermalright AXP90-X47 mai milimita 47, na dawo da farantin tsakiya, kowane gefe ya samu wurin shaƙar iska, wallahi kamar an canza min kwamfuta. Ƙarar ta tafi. Firosesa ta ɗan ƙara ɗumi kam, wannan ba musu, amma Ryzen na jerin 7000 dama an yi su ne su riƙa ƙara gudu har sai sun doshi digiri 95 sannan su ja birki, saboda haka ganin lamba ta hau ba abin tada hankali bane. Na shiga bayos, wato shafin saitin madabod, na ɗan rage mata wutar da take sha da Curve Optimizer, kaɗan-kaɗan ina gwadawa har na samu inda take zama bata faɗuwa, tun daga nan ban sake bi ta kanta ba. Shi kuwa kati ya fi jin daɗi a nan akan tsohon gidan, don iskar waje yake sha kai tsaye ta murfin gefe, ba wadda ta gama zagaye cikin akwati ta ɗumame ba.

Haɗawar kanta tafi sauƙin yadda na zata. Murfin gefe biyun sama suke ɗagawa kamar fukafukai kuma zaka iya cire su gaba ɗaya ba tare da ka taɓa noti ba, na saman kuma akwai wani ɗan madauri kamar na fata a baya, ka ja shi murfin ya zamo, sai ya rage ƙarafan jiki kawai hannunka na shiga ta ko'ina. Amma ɗan uwa ka ji shawara, ka soka wayar wutar firosesa mai baki takwas ɗin nan kafin ka ɗaure madabod, ka sa SSD ɗinka, wato ma'adanar fayil, da ram da kula duk a waje akan tebur, don in ka ɗaure sannan ka tuna, yatsanka bazai kai ba sai ka sake kwancewa, ni sau biyu na kwance. Wayoyin fawa su ne suka fi cinye min lokaci, babbar mai baki 24 ɗin nan tauri gareta kamar bulala kuma tazarar da zata yi bata kai taki ɗaya ba, sai ka lanƙwasa ta ka naɗe saura ka cusa ƙarƙashin fawa, wajen da kuma nan ne kaɗai aka tanada don fanka ɗaya mai milimita 120. Gidan baya zuwa da fanka ko ɗaya, ni na sa siririya mai kaurin milimita 15 na ɗaure wayoyin sama da ita da kyau kar su faɗa mata. Ka nemi fawa wadda duk wayoyinta ake cirewa, kuma SFX zalla tafi SFX-L a nan, bambancin milimita 30 ne tsakaninsu, ɗaya 100 ɗaya 130, kuma talatin ɗin nan a gida irin wannan fili ne guda.

Akwai abubuwan da babu su kuma ya kamata ka sani tun kafin ka saya. Babu ramin iyafis a gaba, sai dai ka zagaya baya ko ka yi amfani da na USB. Babu ragar tace ƙura, tsagogi ne kawai a buɗe, saboda haka in ɗakinka mai ƙura ne zaka riƙa ɗaga murfi kana hurewa akai-akai, sa'ar dai ɗaga murfin baya cin daƙiƙa biyar. Babban hadis na ajiye fayil mai inci 3.5 babu wurinsa, sai ƙanana masu 2.5 guda biyu. Masu son sanyaya ta ruwa kuma su manta da dogon lagireto, ƙarami mai 120 ne kaɗai zai shiga shima sai katinka gajere ne sosai. Ita kuma raizar da na samu a ciki ta PCIe 4.0 ce, wato zubi na huɗu na hanyar da kati ke magana da madabod, in katinka sabo ne irin jerin RTX 50 masu 5.0 kuma madabod ɗinka ma 5.0 ne, yana da kyau ka shiga bayos ka tsayar da ramin akan 4 da kanka, wannan tsohuwar dabara ce ga duk gidan da ke amfani da raiza, tun zamanin da aka tashi daga 3.0 zuwa 4.0 mutane ke fama da baƙin allo saboda ita.

Wani zai ce to me ya kai ka wannan wahalar, ba ga ƙananan kwamfutoci haɗaɗɗu nan ba. Akwai kam, irin su NUC da Intel ta yi shekara goma da ɗoriya tana yi kafin ta daina a 2023 ta miƙa wa ASUS, da DeskMini na ASRock wanda ko lita 2 bai cika ba kuma zaka sa firosesar da kake so, sai dai babu wurin katin girafik. In aikin ofis ne da kallo da ɗan shiga intanet, wallahi su suka fi, kar ka wahalar da kanka. Amma mu masu ciwon son mu zaɓi kowane ƙarfe da hannunmu, mu cire kati bana mu sa wani baɗi, waɗancan basa kashe mana ƙishi. Dama wannan harkar ta ƙananan gidaje masu sha'awa ne suka tada ita da kansu, NCASE M1 mai lita 12.6 da kuɗin karo-karo na intanet aka fara yinsa a 2013, haka Dan A4-SFX mai lita 7.2 da wani Bajamushe ya zana, wanda shi ya yayata wannan tsarin na kati da madabod su juya wa juna baya, sai daga baya manyan kamfanoni suka ga akwai kasuwa suka shigo.

In wannan ne haɗinka na farko a rayuwa, ni dai bazan tura ka kan Terra ba, ka fara da irin Cooler Master NR200 mai lita 18 da ɗan kai, yana ɗaukar doguwar kula har milimita 155 da fankoki da yawa, in ka yi kuskuren saye yana yafe maka. Haka in kana da firosesa mai cin wuta sama da wat 200 da katon kati mai rami uku da rabi, tsawon zai iya shiga tunda gidan na ɗaukar kati har milimita 322, amma kular da zata rage maka ta milimita 48 ce, zaka sayi doki ne ka ɗaure masa ƙafa. Gidan nan na mai matsakaitan kaya ne, firosesa mai wat 65 ko wadda ka yarda zaka rage mata wuta, da kati mai rami biyu ko biyu da rabi, kuma ka zauna da biro da takarda ka rubuta tsayin kula da kaurin kati da tsayin ram tun kafin ka biya kuɗin komai, sannan ka bar aƙalla milimita biyar zuwa goma tsakanin kowace fanka da murfi.

Nawa dai yanzu yana nan gefen allo, wajen da da nake ajiye kofi, ranar da zan je wajen abokina mu yi wasa na zura shi a jakar goyo da wayoyinsa na rataya. Kular nan mai milimita 70 kuma tana cikin kwalinta a saman kabad, na ce zan sayar har yau ban sayar ba, don zuciyata tana raya min wai wata rana zan sake haɗa wata.