Kafin Ka Sayi Tsohon Zanen Jarida na Sojojin da Suka Dawo daga Yaƙi

Akwai wani irin zane da na fi so a tsofaffin jaridun Turai da Amurka, wato na ranar da sojoji suka dawo sansani. Zanen fagen daga yakan cika da hayaƙi da dawakai, sau da yawa ma mai zanen bai ga abin da idonsa ba. Na dawowa kuwa mutane ne zalla: wani ya rataya bindiga a kafaɗa, wani an tallabo shi, wani yana zaune bisa ƙunshin kayansa ya zuba tagumi. Irin waɗannan shafuka suna nan birjik a kasuwannin intanet kamar eBay da Etsy, amma ba duka ne suka cancanci kuɗinka ba.

Fara da sanin inda suka fito. Illustrated London News ta soma fita a Landan a 1842, The Graphic ta biyo baya a 1869. A Amurka akwai Harper's Weekly, wadda ta rayu daga 1857 zuwa 1916, ita ce ta zana gagarumin faretin da sojojin Arewa suka yi a Washinton a watan Mayun 1865 bayan yaƙin basasa. A watan Agustan 1898 kuma jaridun Amurka sun cika da hotunan sansanin Wikoff da ke Montauk a jihar New York, inda aka killace sojojin da suka dawo daga Kuba, da yawansu zazzaɓin cizon sauro da shawara da taifot sun kwantar da su.

Mu kuma muna da namu rabon a ciki. A yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, wanda janar ɗin Birtaniya Garnet Wolseley ya jagoranta har aka ƙone Kumasi, akwai sojojin Hausawa, cikinsu har da rundunar John Glover, mutumin da ya fara ɗaukar Hausawa aikin soja a Legas a 1863. Illustrated London News ta tura mai zanenta Melton Prior ya bi rundunar. Idan su kake nema, rubuta Houssa a wurin bincike, domin haka jaridun wancan zamani suka fi rubuta sunan. Sai dai ka sani, zane-zanen dawowa na wannan yaƙi galibi na Turawa ne, suna sauka daga jirgin ruwa a Ingila ko suna fareti gaban Sarauniya Biktoriya. Shafin da ya nuna Bahaushe da kyau ba a cika samunsa ba, in ka ci karo da shi kada ka yi sanya.

Abin da aka fi tallatawa shi ne shafi guda da aka yanko daga jaridar asali. Ya fi sauƙin kuɗi, ya fi sauƙin aikowa, kuma a nan aka fi yin algus. Ga yadda ake gane na gaskiya. Juya bayansa: shafin asali kusan kullum yana da rubutu a baya, labarai ne ko tallace-tallace, sai fa wasu manyan shafuka na ƙari da ake naɗewa. A saman shafin akwai sunan jarida da kwanan wata. Sannan ka sa madubin ƙara girma. Kafin shekarun 1890 sassaƙa zanen ake yi a jikin katako mai tauri, saboda haka layuka za ka gani, baƙaƙe tsaf, masu kaifi. Babban zane ma ƙananan gutsattsarin katako ake raba wa masassaƙa da dama, kowa ya yi nasa, a ɗaure su wuri guda da ƙusoshi. Shi ya sa wani lokaci za ka hangi siririn farin layi ya ratsa sararin sama ko rigar soja a miƙe. Wannan ba aibi ba ne, shaidar asali ce, ni kam in na gan shi hankalina kwanciya yake yi. Na 1898 kuwa yawanci ɗigo-ɗigo ne baƙaƙe a jere, don a lokacin an koma sabuwar dabarar buga hoto. Idan ka ga ɗigo masu launi barbaje kamar yayyafi, aikin firinta ne na zamani.

Hattara da mai launi. Jaridun Landan da New York na wancan zamani baƙi da fari suke fitowa in ban da 'yan shafuka na musamman, don haka launin da kake gani yawanci wani ne ya shafa daga baya domin ya ja ido. Mai son launi na asali ya nemi ƙarin mako-mako na Le Petit Journal ta Faransa, wanda daga 1890 da launi aka riƙa buga shi.

Ni dai shawarata, in aljihu zai ɗauka, sayi fitowar jaridar sukutum. Na taɓa sayen shafi guda a wurin wani dillali, ya iso an datse samansa don ya shiga firam. Kwanan wata ya tafi, sunan jarida ya tafi, sai sojoji suna tafiya ban san daga ina ba, ban san zuwa ina ba. Abin ya daɗe yana yi mini ciwo. Cikakkiyar fitowa tana ɗauke da labarin da ke bayanin zanen, sunan bataliya, tashar da suka sauka, wani sa'in har jerin waɗanda ba su dawo ba. Kuma duk fitowar da ka saya cikakkiya ka tsirar da ita daga almakashin masu yankawa. Akwai kuma kundi mai bango, na wata shida-shida, amma nauyinsa da kuɗin aikowa sun fi dacewa da laburare ko makaranta.

Wanda ado kawai yake so a falo ko ofis, ba shi da dalilin rataye takardar asali. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka da shafin Gallica na babban laburaren Faransa suna ba da hotuna masu yawa kyauta, ka sauke ka kai a buga maka a takarda mai kauri. Ya fi maka sayen kwafin da ake sa wa kuɗin asali.

Kafin ka biya, nemi hoton gaba da baya da gefuna huɗu, da awon shafin. Na Illustrated London News ya kai kusan santimita 40 a tsaye. Tambayi ko an manna shi a kwali, ko an liƙe yaga da salatif, domin gam ɗinsa yana cin takarda ya bar tabo har abada. 'Yan ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa ba su hana saye. Takardar ƙarshen ƙarni na 19 ta fi ta shekarun 1860 saurin karyewa, don an koma yin ta da itace maimakon tsumma, saboda haka a aiko ta a shimfiɗe tsakanin kwalaye biyu.

Idan ta iso, kada ka kai a yi mata laminatin ko kusa. Sa ta cikin fayil marar asid, nesa da rana da bangon da ke tsattsafo da damina, a saman kabad inda gara ba ta kaiwa, ka riƙa buɗewa kana dubawa duk bayan 'yan watanni.