Wane lasisi za ka nema kafin ka ɗauki shader?

Matasanmu na Maraɗi masu haɗa tallan shaguna da bidiyon biki a Blender, manhajar haɗa hoto da bidiyo a kwamfuta, sun gane daɗin shader, wato guntun shirin da ke gaya wa kwamfuta yadda haske zai sauka a kan abu: sheƙin shadda, jar ƙasa, ruwan Gulbi da damina. Lasisin da ke saman fayil ɗin ne ba a cika karantawa ba, alhali shi ke faɗa maka ko kana da izinin cin kuɗi da shi.

Ni dai lasisin MIT nake nema. Gajere ne, ka karance shi kafin shayi ya huce. Ya ba ka dama ka yi amfani da shader, ka gyara shi, ka sa a aikin da za a biya ka, har ka sayar. Sharaɗinsa shi ne sunan mai shi da rubutun lasisin su bi fayil ɗin duk inda ya je. Godot kansa, shirin haɗa wasannin kwamfuta, da MIT yake tafiya. Nawa ma da shi nake saki, tun da wani ya kwashi aikina ya goge sunana ya raba a matsayin nasa. Wanda ya hana idonsa barci a kan aiki, aƙalla a san shi ya yi.

Lasisin CC0 kyauta ce ba sharaɗi: da daɗin karɓa, amma in ka bayar, ba wanda ya wajaba ya ambace ka. Lasisin GPL na tilasta maka buɗe gyaranka idan ka raba shirin, sai dai kada a tsorata ka: ko da yake Blender da GPL yake tafiya, hoton da ka fitar da shi naka ne. Na Unity Asset Store kuwa, kasuwar intanet ta kayan haɗa wasannin kwamfuta, a cikin wasanka kawai za ka sa, ba a raba fayil ɗin.

Shadertoy, shafin intanet na raba shader wanda ya fara aiki a 2013, nan ake yawan faɗawa rami. Idan marubuci bai sa wani lasisi ba, CC BY-NC-SA 3.0 ke aiki, ma'ana babu kasuwanci. Tallan shagon Alhaji kasuwanci ne, ko da jaka biyar aka ba ka.

Sai masu tura "shader dubu" a WhatsApp da Telegram, ko su loda maka a katin waya. Don Allah a kula. Buɗe fayil guda ka duba samansa. In ba suna ba lasisi, wataƙila gogewa aka yi. Rashin lasisi kuma ba izini ba ne, haƙƙin duka yana hannun mai shi, kuma Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Afirka, da yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin marubuta. Wani ma da kansa zai manna MIT a kan kayan da ba nasa ba. Kwafi layi ɗaya daga ciki ka nema a intanet, asalin yakan fito. Idan mai sayarwa ya kasa nuna maka shafin da ya ɗauko, riƙe kuɗinka.