Gudawar yaro: ORS ko ruwan gishiri da sukari?

Abin da ke kayar da yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma hanya biyu ake bi a mayar masa.

ORS, wato garin haɗin gishiri da sukari na fakiti da ake samu a kemis ko asibiti, an riga an auna shi. Ki juye fakiti ɗaya a lita 1 ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, amma ki duba jikin fakitin tukuna. Yana ɗauke da sinadarin fotasiyam da zawo ke kwashewa, wanda babu shi a haɗin gida.

Haɗin gida kuwa na tsakar dare ne, bayan kemis ya rufe: ƙaramin cokali 6 na sukari, a shafe bakinsa, da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1. Matsalarsa awo. Uwa ta saba ɗiban gishirin miya da ido, kuma in ya yi yawa illa zai yi wa yaron. Ki ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri.

Ni dai hankalina ya fi kwanciya da ORS, a kuma riƙa ba yaron ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. Ruwan ORS ko haɗin gida, kowanne ya kai awa 24, zubarwa ake yi. In idon yaro ya faɗa ko ya ƙi shan komai, sai asibiti.