Kokawa ko judo: wanne sabon shiga zai fara?

Ga saurayin ƙauye a Kano ko Jigawa, kokawar gargajiya ta fi sauƙin farawa. Gajeren wando, fili mai yashi, da manyan 'yan kokawa da ke fitowa bayan kaka, shi ke nan. Matsalarta ita ce ba kasafai ake koya wa yaro yadda zai faɗi ba. Shi ya sa sabon shiga ke tokare ƙasa da hannu idan an ɗaga shi, sai gocewar wuyan hannu ko kafaɗa. A tsince duwatsu da ƙaya daga filin, kuma kada ya kama da wanda ya fi shi nauyi sosai.

Judo, wata irin kokawa wadda Jigoro Kano ya kafa a Japan a 1882, da faɗuwar take farawa: a sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji, a faɗi a gefe, a bugi katifa da hannu gaba ɗaya. Sai dai tana buƙatar riga mai kauri da katifa, kuma malaminta galibi yana birni, ga kuɗin mota.

Wanda ke nesa da birni ya fara da kokawa, amma ya ari wannan faɗuwar, ya maimaita ta sau 20 a kowane gefe kafin a kama.