Firizata da matakalar Garki: sharhi kan masu ɗaukar kayan da na kira

Kunun aya da zoɓo nake yi, ina kai wa ofisoshi a Garki, kuma duk mai wannan sana'a ta san kunun aya ba ya haƙuri da zafi. Shi ya sa na tara kuɗin adashi na sayi firiza babba, irin mai murfi a sama, tsawonta santimita 165. Abin da ban yi tunani a kai ba shi ne inda nake zaune: hawa na biyu, a ɗaya daga cikin tsofaffin benayen ma'aikatan gwamnati na Area 2, waɗanda aka sayar wa mazauna ciki zamanin da El-Rufai yake ministan Abuja, tsakanin 2003 da 2007. Gini ne mai ƙwari, amma babu lif, kuma wanda ya zana matakalarsa bai san za a yi firiza irin tawa ba.

Yaran shagon da suka kawo ta a a-kori-kura su uku ne. Suka ɗaga ta da ihu da "hai-hai", suka kai kwanar farko, ta cije. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Da ƙyar suka sauko da ita, suka jingine ta kusa da ɗakin maigadi, suka ce nan aikinsu ya ƙare. Kwana biyu ta yi a nan, lulluɓe da tsohon zanen gado, kowa ya wuce sai ya ce mini "Hajiya, Allah sa alheri", ni kuwa ciki fal takaici.

Wata maƙwabciyata ce ta ba ni lambar wasu masu kwashe kaya ta WhatsApp. Ogansu dattijo ne, ba shi da jiki, har na ɗan raina shi a zuciyata. Ranar farko bai zo da kowa ba, tef ɗin awo kawai ya zo da shi. Ya auna firizar, ya auna faɗin matakala, ya daɗe a wurin da ake juyawa tsakanin hawa da hawa, har tsayin sili ya auna. Sannan ya ce: "Hajiya, a kwance ba za ta taɓa shan wannan kwanar ba. Sai mun cire murfi mun tsayar da ita." Na ce a'a, ai na ji an ce tsayar da firiza yana kashe ta. Bai yi musu da ni ba. Ya nuna mini gefen da injin yake, ya ce akwai mai a cikin kwamfureso, idan aka karkata ta man yana gangarawa cikin bututun gas. Maganin abin shi ne gefen injin ya kasance a ƙasa, kuma idan ta isa a bar ta a zaune kar a sa mata wuta sai washegari, man ya koma mazauninsa. Daga baya na kira mai gyaran firijinmu, ya maimaita mini magana iri ɗaya.

Washegari suka zo su huɗu. Suka kwance murfin, ogan yana gargaɗin yaransa cewa hinjin yana da sifirin, yana iya make yatsa. Suka cire kwandunan ciki, suka naɗe wayar wuta suka liƙe ta da salatif, suka naɗe jikin da tsohon bargo, suka ɗaure da bel mai faɗi irin na direbobin tirela. Ƙattin biyu ya sa a ƙasa, domin a kan matakala nauyi kan na ƙasa yake komawa, ɗaya a sama yana jan bel, shi kuma bai taɓa firizar ba sai a kwana. Muryarsa kaɗai ake ji. Taki ɗaya, a tsaya. Taki ɗaya, a tsaya. Da suka iso wurin da ta cije shekaranjiya, suka miƙar da ita a kan kwali, suka ja kwalin a hankali har ta fuskanci hawa na gaba. Abin da ya rage tsakaninta da ƙarfen riƙewa bai kai faɗin tafin hannu ba. Ni dai ina sama ina ta salati. Kafin a kira la'asar tana kicin.

Ba komai ne ya yi mini daɗi ba. Sun ce ƙarfe goma, sai wajen ɗaya saura suka iso, wai cunkoso ya riƙe su a hanyar Nyanya, kuma ba wanda ya kira ya gaya mini. Ɗaya daga cikin na ƙasa da silifas ya yi aikin, abin da bai kamata mai awo da tef ya ƙyale ba, don da ya zame da labarin ya sha bamban. Sun kuma ɗan ɓare fenti a bangon hawa na ɗaya, har maƙwabcina na ƙasa ya yi ƙorafi, ni na sayi fenti. Kuɗinsu ya ninka na 'yan dakon kasuwa, kuma bayan na biya yaran suka tsaya suna sosa ƙeya, sai da na ƙara na ruwa. Wannan na fi so a faɗa mini tun farko.

Duk da haka zan sake kiran su, kuma na riga na ba ƙanwata lambar, don tana shirin tashi daga Kubwa da kabad ɗin da ba ya kwancewa. Na ce mata kar ta yarda a yi ciniki ta waya, ta sa ogan ya je ya ga matakalar tukuna.

Firizar na bar ta har bayan sallar asuba kafin na jona ta. Yau wata uku ke nan, in dai akwai wuta, gorunan kunu sai na fito da su sun ɗan saki kafin in fita da su.